Agogon da Ba Ya Zama a Hannun Rago

"...da gajiyar zama, Maigida? Ta zama na ce, don na san ba ta aiki ba ce."

"Babu gajiya, Amarya. Ke ce dai za a yi wa sannu da tsufa. Ina haƙoran da na bari a bakin nan wancan makon?"

"Suna nan inda ka bar hankalinka. Shigo, ka tare min haske."

Ya shigo ya zube a kujerar roba, ya miƙe ƙafafu har suna taɓa jakar da aka haɗa aka jingine bayan ƙofa. La'asar ce sakaliya, rana ta ratso labule ta kwanta a kan gado. Kaka na kishingiɗe, ta tokare ƙugunta da matashi. Gobe za a kai ta asibiti a yi wa ƙugun nan aiki. Jikan nata kuwa sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa ko da wasa sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce Amarya, tun yana yawo ba wando har ga shi yau ya zama ma'aikacin banki mai gemu.

Ba ciwon ƙugun ne ya hana ta sakat ba. Abin da ke damun ta yana can ɗaure a dantsenta na hagu, ƙarƙashin hannun riga: agogon mijinta, na ƙarfe, mai nauyi, wanda ba shi da batir. Motsin hannu ne abincinsa. In aka ajiye shi ya kwana ya wuni ba motsi, sai ya yi shiru. Tun ranar da marigayin ya kwance shi daga hannunsa ya damƙa mata ya ce kada ta bar shi ya yi barci, bai taɓa tsayawa ba. Ya yi wa tsintsiyar hannunta yawa, shi ya sa ta tura shi sama, da shi take shara, da shi take wanki. To ga shi nas ta ce mata ba zobe, ba awarwaro, ba komai a jiki har sai an sallame ta. Hannu take nema mai motsi, amma a ce ita ce za ta roƙi wannan ja'irin? Allah ya sawwaƙe.

Wani abu ya yi ƙugi a hannun jikan, kamar ƙuda ya faɗa kwalba.

"Mene ne kuma wannan yake kuka?"

"Agogona ne. Sabo fil. Cewa ya yi na daɗe a zaune, in tashi in motsa."

Kaka ta yi dariya har ƙugun ya soke ta, ta dafe shi tana salati.

"Alhamdu lillahi! Abin da nake faɗa tun kana goye, yau ga shi roba ta shaida. Kai da kuɗinka ka sayo mai yi maka gorin lalaci?"

"Yana ƙirga bugun zuciyata, Amarya. Har barcina yake aunawa."

"Ai kuwa ya samu aiki. Me yake ci?"

"Wuta. Kullum sai na jona shi."

"Au, shayar da shi kake yi kamar jariri? To in aka ɗauke wuta fa?"

"Sai ya huta."

"Ka ga banza ta samu wofi. Agogo na barci, mai agogo na barci."

"Ya dai fi wancan tsohon murfin tukunyar da kike ɓoyewa a hammata. Kin zaci ban sani ba? In kika ɗaga hannu, har maƙwabta suna jin ƙas-ƙas-ƙas."

"Kul! Wanke bakinka kafin ka ambace shi."

Ta tura hannun riga sama. Ƙarfen ya kama hasken labulen ya watsa shi a silin, wani ɗan farin tabo yana rawa can sama. Kaka ta bi shi da ido, muryarta ta sauka.

"Kakanka direban jirgin ƙasa ne, ba mai ɗumama kujera ba. In ya tsaya a bakin tasha ya naɗe hannun riga, shugaban tasha da kansa yake miƙewa. Babban agogon bango na tashar ma da wannan ake gyara shi. In na ji ƙarar jirgi daga nesa, ba na duba komai, ruwa kawai nake ɗorawa. Sai ya shigo da warin mai da ƙarfe, ya ɗora min hannun nan a kunne ya ce, ji, har yanzu muna tafiya."

A kunnenta jirgin yana tahowa, tagogi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ga wani dogon mutum ya leƙo yana ɗaga hannu, abu na walƙiya a wuyan hannun nasa. Ta yi kewarsa, kewa mai tsanani, kamar jiya ya fita.

"Na ji an ce har rijiya ya taɓa faɗawa," in ji jikan, a hankali, don ya dawo da ita.

"Ya faɗa mana. Ya kwana a ciki. Da aka fito da shi, kwaɗin rijiyar duk sun koyi zuwa a kan lokaci."

"Na kuma ji an ce jirgi ya taka shi."

"Jirgin aka kai gyara."

"Ashe shi ya sa rana take leƙowa ta tagarki kullum, lokaci take tambaya."

"Da wa za ta tambaya? Kai? Ai da duniya ta wuni a duhu."

"To in haka yake da daraja, me yake yi a dantsen tsohuwa? Agogon maza ne fa. Ni ne mijin, ni ne mai sunan. Ki ba ni kayana."

Murna ta kama ta, ga ƙofa ta buɗe da kanta. Amma ta taɓe baki.

"Wannan hannun naka mai kama da sillen tsintsiya? Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kuma agogon nan ba ya zama a hannun rago. Kai da ko shago za ka sai ka hau babur, a wurin aiki kuma yatsa ɗaya kake motsawa. Kafin jibi ka kashe min shi."

"Shi ke nan, riƙe abinki. Dama me zan yi da agogon da ba ya karɓar saƙo? Ki ba Kawu."

"Kawunka da ke barci a kan sallaya?"

"Ki ba Inna."

"Ta wanke min shi da omo?"

"To ki ɗaura wa wutsiyar akuyar maƙwabta. Ita ba ta hutawa."

"Wallahi ta fi ka cancanta."

Ya miƙe yana karkaɗe wando kamar mai shirin tafiya. Kaka ta ga da gaske ƙofa ya nufa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Dawo nan, marar kunya. Zauna."

Ya dawo, amma bai koma kujera ba, bakin gadon ya zauna.

"Sun ce in cire komai," ta ce, ba ta dube shi ba. "Tsoro nake ji, Maigida. Ba wuƙarsu ba. Ina tsoron in farka in tarar ya yi shiru. Motsin kakanka ne ya tashe shi, nawa ya ɗora a kai, bai taɓa yankewa ba. In ya tsaya, ko an sake tayar da shi, wani agogo ne daban."

"Na sani, Kaka."

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ta harare shi don kada hawaye su samu hanya.

"Ka sani, shi ne ka bar ni ina ta kewaye-kewaye?"

"Yo sau nawa mutum zai ga Amarya tana lallashi? Duba waje ki gani, akwai babur?"

Ta ɗaga labule. Babu babur, sai inuwar katanga da ta miƙe har tsakar gida.

"Da ƙafa na zo tun daga wurin aiki. Duk makon nan da ƙafa nake zuwa aiki. Masu gadi har sun fara yi min jaje, sun zaci kora ta aka yi."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma da sharaɗi. Ba kyauta nake so ba, ajiya zan karɓa. Ki shiga su gyara ki, ki fito, ki tako da ƙafarki ki karɓi abinki. In kika kuskura kika yi min wata dabara a can ciki, wallahi akuyar nan zan ɗaura wa, in riƙa nuna wa mutane ina cewa ga gadon Amarya."

"La'ananne! Ko don in hana ka wannan sai na fito."

"To ki fito mu gani."

Ta sa yatsu ta ɓalle maɗaurin. Agogon ya sulalo daga dantse, ya wuce gwiwar hannu, ya sauka a tafinta da ɗuminsa. Inda ya tashi ya bar wani farin zobe a fatar. Ta kamo hannun jikan da sauri, kamar agogon zai shaƙe in ya daɗe a iska, tana cewa, "Yanzu za ka ga ya zube ƙasa, ka tara ɗaya hannun."

Maɗaurin ya ce ƙas. Agogon ya zauna daram, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kamar an auna. Kaka ta tsaya tana kallon hannun. Yaushe wuyan hannun yaron nan ya yi kauri haka? Ga jijiyar nan da ta ratsa ta gefe, ga ƙashin da ya ɗan turo, duk ta san su tun kafin a haifi uwarsa.

"Ina linzamin, ina bakin kazar?" ya ce.

"Kazar ta yi ƙiba ne, cin banza."

Ya kwance nasa na roba ya ɗaura mata a kan farin zoben, ya ce ta riƙe zuwa safe don kada wurin ya ji sanyi. Sannan ya ɗora mata hannunsa a kunne. Ta lumshe ido. Ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, ba gaggawa, da jirgi can nesa yana tahowa.

"Har yanzu muna tafiya?" ya tambaya.

"Muna tafiya. To ɗauke hannun, ka tsaya cak kamar turke! Kaɗa shi mana!"

Ya miƙe ya fita yana wurga hannu gaba da baya kamar sabon soja. Ta bi shi da kallo ta taga har ya kai ƙofar gida, ƙarfen yana ɗaukar rana yana saki. Tana nan kishingiɗe sai abin robar ya yi ƙugi a dantsenta. Ta dube shi, ta tuna abin da yake nufi, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Maigida!" ta ƙwala masa kira. "Ka ci! Ka gaya wa wannan marar kunyar naka na ji, zan tashi. Ya ba ni kwana kaɗan kawai."