Shukar Tabawa Ta Samu Sarauta

A wani gari da ake kira Sannu-da-Haƙuri, ranar wata Talata, ƙuda ya faɗa cikin shayin Mai Gari Ba-Komai. Shekara ashirin ƙudaje na cin kasuwa ba wanda ya tanka. A ranar nan majalisa ta zauna.

Ni Malam Ilu, tsohon mai kula da ɗakin karatun da ba a shiga, ina da wata shuka a tukunya bakin taga. Ita kaɗai marigayiya matata Tabawa ta bar mini, ban da tsohuwar butarta. Ganyenta na sheƙi kamar an shafa man shanu, ƙwaro ya sauka ya manne, ta narkar da shi a hankali. Ruwan sama kawai take sha, a ƙasa marar albarka. Shekara shida ina tarar mata ruwa a kwano.

Sarkin Tsafta, wanda bai taɓa riƙe tsintsiya ba, ya zo da kansa.

"Malam, gari na bukatarta. Aro ne."

"Ranka ya daɗe, yaushe za a dawo da ita?"

"Da zarar an gama da ƙuda."

Aka kai ta zauren majalisa, aka naɗa ta Magajiyar Kamun Ƙwari, aka ba ta ofis da masinja biyu da mota. Ta kama aiki ba wasa. Duk Juma'a ana baje kolin waɗanda ta kama: 'yan mitsi-mitsin ƙwari, sai da tabarau ake ganinsu. Jama'a na tafi. Manyan korayen ƙudaje kuwa su sauka, su lashi ganyen, su goge baki, su tashi.

Sai rannan wani ƙaton kore ya manne. Aka bi sawu, ashe daga ɗakin girkin Mai Gari ya fito. Wakilin Bincike-Sai-Gobe ya ce a fara tantance ko ƙuda ne.

Da la'asar Sarkin Tsafta ya sake zuwa, har da goro.

"Malam, muna tsoron kada wani abu ya sami baiwar Allahn nan. Me ba ta so?"

Na ji daɗi. An daɗe ba a tambaye ni komai ba. Na sauko da littafi, na kakkaɓe shi.

"Taki, ranka ya daɗe. Yunwa ce ke sa ta farauta. In ta ƙoshi ta daina, in aka ƙara mata saiwa ta ƙone."

"Allah Ya ƙara ilimi, Malam."

Washegari majalisa ta karrama Magajiya saboda jarumtarta: buhu goma na taki, da makaɗa. Cikin mako guda ganye ya bushe, ƙaton kore ya karkaɗe fiffike ya koma gida. Cikin na biyu aka sanar da rasuwarta bayan gajeriyar rashin lafiya.

An yi zaman makoki na gani na faɗa. Mai Gari ya share hawaye, ya ce kuskure ne na rashin sani, domin ba wanda ya san halin baƙuwar shuka. Aka sa sunana cikin masu jawabi, na goma sha bakwai. Ina miƙewa aka ce lokaci ya ƙure, a yi addu'a.

Aka miƙo mini tukunyar, an wanke ta fes. Dama jawabin nawa ba shi da tsawo: sun sani. Ni na koya musu.