Wandon Alhaji Sabo da Babbar Lamba

Ni na rubuta wa shagon ɗinkin Kawu Bala na Anguwan Rogo manhajar ajiye awo, ina ta hura hanci. Duk wanda aka shigar da awonsa, kwamfuta kan ba shi lamba da kanta, a liƙa a yadinsa. Maimakon in sa manhajar ta karɓo lambar da aka ba mutumin, sai na ce ta ɗauko mafi girma. Ai na ƙarshe shi ne babba!

Abokiyar aikina Nanret ta ce, "Oga, in teloli biyu suka shigar lokaci guda fa?"

Na ce, "Haba, a ɗan shagon nan?"

Ranar gwada ɗinki Alhaji Sabo ya zo da tumbinsa kamar randa. Wando ya ƙi wuce gwiwa, ashe da awon wani siririn malami da aka shigar lokaci guda da nasa aka yanka shaddarsa.

Na sunkuyar da kai ina jiran ashar. Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Kawu ya sake ɗinki ba faɗa, Nanret ta gyara manhajar ba gori. Allah Ya saka musu da alheri.

Teloli kam ba su yafe ba. Har yau in na gifta sai na ji, "Injiniya, zo ka auna mu da babbar lamba!"