Ranar da Motar Amarya Ta Yi Shaƙuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ɗauki amarya a Kafanchan, har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Lokacin motocin Beljiyam sun fara shigowa gari, masu injekta, waɗanda ba su da kafireta. Mu kuwa makanikai kafireta muka sani. Ni da na taɓa leƙa cikin irin injin nan a Kaduna (leƙawa kawai, ko sifana ban ɗora ba), sai na sa aka rubuta a ƙofar garejina cewa ni ƙwararren injekta ne.

Maƙwabcina Bulus, ɗan wani manomin citta, ya sayi irin motar nan tsohuwa ana dab da aurensa. Ya kawo mini ita ya ce, "Oga, motan nan in ya tsaya lafiya, in ka taka shi sosai lafiya. Amma in ka taka kaɗan, sai ya fara shaƙuwa."

Na yi dariyar manya, na ce, "Bulus, ka je ka ji da ɗinkin kwat. Ni da kaina zan tuƙa amaryarka zuwa coci."

Na canza fulogi. Na canza filtar mai. Na juye tanki, na zagi masu sayar da mai a galan. Na yi ta laluben sukurun da ake murɗawa a kafireta, ban same shi ba, na wayance da goge injin da tsumma. Duk abin da na taɓa sai in hau hanyar Kagoro in take totur har ƙasa, mota ta tashi kamar za ta bar kwalta, in dawo ina wa kaina kirari. Ban taɓa gwada ta a hankali ba. Wane namiji ne ke gwada mota a hankali?

Abin da ban lissafa ba shi ne Zumuntar Mata. A cocin su amarya, matan ne ke raka ta da ƙafa, da tulu da kacau-kacau, suna waƙa a gaban mota. Ke nan tafiyar da za mu yi ita ce daidai wadda motar ta tsana.

Muna barin ƙofar gida ta fara. Ta zabura, ta noƙe, ta sake zabura. Amarya Rifkatu ta yi gaba ta yi baya, lulluɓin kanta ya zamo kan hanci, furen hannunta ya faɗo a cinyata.

"Wayyo Yesu! Oga, kashe ni za ka yi ne kafin in sa zobe?"

Na ce, "Hanya ce ba kyau." (A kan sabuwar kwalta muke.)

Gumi ya jiƙa mini babbar riga. Can sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in asirinsa ya kusa tonuwa: ai in an take ta sosai lafiya take. Na danna oda, na take. Mata suka watse, wata ta faɗa kwata rungume da tulunta. Na ga haka na taka birki, mota ta yi tari ta mutu a gaban kasuwa, inda rabin garin ke tsaye suna kallo.

Baban amarya ya ƙaraso daga baya. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya ɗaga murya, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Ya ce, "Yarona, da ka gyara shi, ka gwada shi a wurin da yake kuka?"



Ya sa na ɗaga bonet na tayar da ita, Bulus da ya rugo daga coci ya sa giya yana taka totur kaɗan kaɗan. Injin na jirkicewa sai muka ji tsii! Babban tiyon roba da ke kai iska cikin injin ya tsage ta ƙasa. In injin ya motsa sai tsagar ta buɗe, iska ta yi wa mai yawa. In an take sosai kuwa, man da ke kwarara ya rufe asirin. Tiyon nan na goge shi da tsumma har yana ƙyalli.

Da salatif ɗin da aka liƙa kwalliyar mota da shi muka naɗe tiyon. Mota ta tafi sumul har coci, sai dai Rifkatu ta rantse ba za ta sake zama a bayana ba. Babanta ne ya tuƙa, ni na bi Zumuntar Mata a ƙafa, riƙe da furen amarya don an manta a karɓa.

Washegari na goge rubutun ƙofar gareji, amma sunan da aka laƙaba mini bai gogu ba. Har jikokin Bulus Oga Shaƙuwa suke ce mini. Yanzu in mutum ya ce motarsa na ciwo a tafiyar hankali, a tafiyar hankali nake gwada ta, ko da masu keke za su wuce ni suna ɗaga mini hannu. Kuma duk wanda ya ce in ɗauki amarya, tambayata ta farko ita ce ko akwai Zumuntar Mata.