Baron da Ya Rasu a Ƙarƙashin Ubangidansa

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, malamin da ke kula da laburaren makarantar firamare, wanda yara ke kira Malam Baro a bayan idonsa, wani lokacin ma a gabansa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da iyayen yara, da duk wanda ya taɓa toshe kunne saboda marigayin, rasuwar abokin aikinsa kuma amininsa, Baron Littattafai. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a tsakiyar filin makaranta, yana bakin aiki, a kan idon jama'a. Ba a san shekarunsa ba, domin ya zo ba takarda.

Marigayin bai fito daga gidan ilimi ba. Magina ne suka zo da shi lokacin da ake ginin sabon aji, ya sha jigilar yashi da siminti, da aiki ya ƙare suka dube shi suka ga bai kai a koma da shi ba, suka jingine shi a bayan ofis. Damina ta wuce a kansa, ƙadangaru suka mai da shi masauki.

A wancan lokacin malamin yana zaune a laburare shi da littattafansa, ba mai leƙo su. Kullum sai ya share ɗakin, ya kaɗe kantoci, ya jera littattafai dogo kusa da dogo. Ya kuma liƙa dokoki a ƙofa: ba surutu, ba ciye-ciye, ba taɓa littafi da hannu mai datti. Yara suka karanta dokokin, iyakar karatun da suka yi a wurin ke nan, suka kuma kiyaye su sarai ta hanyar ƙin shiga. Wata rana shugabar makaranta ta leƙo ta same shi da jarida a fuska, numfashinsa yana ɗaga ta yana sauke ta.

Ta ce, "Malam, ɗakin nan na ajiyar littattafai ne ko na ajiyarka? In ba mai shiga, ina da karyayyun bencina da ke neman wuri."

Ranar nan ya zagaya bayan ofis don ya huce, suka yi ido huɗu da marigayin. Ya kore ƙadangarun, ya kankare busasshen siminti da cokalin magina, ya shimfiɗa kwali a cikinsa, ya loda littattafan labarai masu hotuna, ya tura shi zuwa ƙofar aji ɗaya. Yana fata a yaba wa dabararsa. Abin da ya samu shi ne dariya, da kuma sunan da har yau bai rabu da shi ba. Amma yara sun fito kallon baro, kuma kowa ya koma da littafi a hannu.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Bai taɓa cewa kaya sun yi yawa ba. Bai bambanta aji mai ƙoƙari da aji mai surutu ba, ƙofar kowa yana tsayawa. An zauna a hannunsa, an zana masa ido da gashin baki da alli, an taɓa ɓoye ɗan kyanwa a cikinsa, duk bai riƙe kowa a zuci ba. Aibinsa ɗaya ne, yana da jan hagu, har kafaɗar ubangidansa ta koyi karkata, yanzu ko a kasuwa sai ka gan shi yana tafiya yana ratsewa gefe.

Sai dai abin da ba za a manta ba shi ne muryarsa. A kan siminti yakan ce ƙyii-ƙyuu, ƙyii-ƙyuu. A kan tsakuwa ya ce garar-garar. In ya sauko daga dakalin aji huɗu kuwa sai ya ce ƙwam, kamar dattijon da aka taka wa ƙafa. Da wannan murya aka kafa abin da makaranta ta sani da Lokacin Baro: bayan an dawo daga hutun tara, da zarar an jiyo shi, kowa zai ajiye abin da yake yi ya ɗauki littafi na rabin awa. Ɗalibai, malamai, mai shara, har maigadi da ke karatu yana bin layi da yatsa. Daga nan aka sami ranar da manyan aji ke karanta wa ƙanana, da ranar da iyaye ke zuwa su zauna a bencin 'ya'yansu gwiwa na taɓa haɓa, da ranar shigar mutanen cikin labari, wadda malamin ya fito a matsayin zaki da igiyoyin goge daɓe a wuya, wata 'yar aji ɗaya ta tambaye shi ko shi ne tunkiyar.

Sau ɗaya tak malamin ya ji kunyar muryar amininsa, kuma yana neman afuwarsa a bainar jama'a. An ce sufeton makarantu zai zo ganin Lokacin Baro. Malamin ya ga bai dace babban baƙo ya ji wannan kuka ba, ya karɓo baƙin mai wurin bakanike ya ɗura wa tayar. Marigayin ya yi tsit. Suka taho a baranda, malami a gaba, sufeto da shugaba a baya, suka wuce aji ɗaya, suka wuce aji biyu, ba wanda ya ɗago kai. A ƙofar aji uku shugaba ta yi masa wani irin kallo. Nan malamin, magidanci mai furfura, ya karkata baki gefe ya ce, "Ƙyii-ƙyuu." Yara suka ɓarko. Sufeto ya daɗe yana rubutu, har yau ba a san me ya rubuta ba. Bayan 'yan kwanaki ƙura ta shanye man, murya ta dawo, ba a sake yi masa shisshigi ba.

Jinyar marigayin ta daɗe. Tayarsa ta fara sacewa, mai faci ya yi ta fama da ita har ya daina gaishe da malamin da fara'a. Tsatsa ta huda cikinsa, aka toshe da guntun tsohon allon sanarwa. Ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe. A zuwansu na ƙarshe wurin mai walda, mutumin ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya girgiza ƙarfen da ke riƙe da taya, ya ce, "Malam, wannan ya yi nasa ya gama. Lallaɓa shi za ka yi. Kada ka ɗora masa abin da ya fi takarda nauyi." Malamin ya ce ya ji. Yana roƙon jama'a su lura cewa ya ce ya ji.

Ana cikin haka malamin lissafi ya miƙe a taron malamai ya ce sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa, rabin awar nan da ake ɓatarwa a kan labarin zomo da kunkuru gara a ba shi. Shugaba ta ce za ta duba: in ba ta ga amfanin Lokacin Baro a fili ba kafin jarrabawar ƙarshen zango, lissafi zai gaje shi.

Malamin laburare bai yi barcin rana ba a makon nan. Ya samo fenti ya zana ƙatuwar bishiya marar ganye a bangon da ke kallon filin taron safe, tun daga ƙasa har rufi. Duk ɗalibin da ya gama littafi ya kuma ba da labarinsa, za a liƙa masa ganyen takarda da sunansa. Da a nan ya tsaya, da marigayin yana raye. Amma aka miƙa masa lasifika don ya yi bayani, ita kuwa lasifika tana da halin sa mutum ya faɗi abin da bai shirya ba. Ya ji muryarsa tana dukan katanga tana dawowa, abin ya yi masa daɗi, sai ya ji kansa yana cewa, in ganye ya taɓa rufi kafin jarrabawa, shi da kansa zai shiga baro a zagaya fili da shi.

A nan ya kamata a faɗa wa wanda bai san malamin ba cewa Allah ya hore masa jiki. Tela yakan yi ajiyar zuciya in ya hango shi. Ya yi alkawarin ne yana kallon tsawon bangon, yana cewa a ransa ko rabi aka cika ai shugaba za ta gamsu.

Bai san yaran da yake koyarwa ba. Makaranta ta kama karatu kamar an saka mata wuta. Ana karatu a layin famfo, ana karatu a kan katanga, iyaye suna kawo ƙarar cewa an aiki yaro sayen gishiri an same shi a bakin hanya da littafi. Malamin ya tsananta tambaya, ko zai kama masu ƙarya: wane launi ne rigar ɗan sarkin, me kare ya ce a shafi na ƙarshe. Suna amsawa har da gyara masa inda ya manta. Ganye ya wuce taga. Wata safiya ya zo da gwangwanin fenti zai ƙara wa bishiyar reshe ta gefe, ya waiwaya ya ga shugaba tsaye ta harɗe hannu, sai ya ce dama gyaran saiwa ya zo yi. A gida ya fara ture kwano da saura a ciki. Matarsa ta ce, "Maigida, kai ka yi wa yara alkawari, ni girkina me ya yi maka?"

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne malamin lissafi. Mutumin da ke neman rabin awar, sai ga shi yana sallamar yara da wuri su je su ƙarasa littafi, har an gan shi a kan tsani yana liƙa ganye. Malamin ya tambaye shi dalili. Ya ce, "Ci gaban yara nake so, Malam, ba wani abu ba," amma ya kasa haɗa ido da shi, kafaɗunsa suna rawa saboda danne dariya.

Ganye ya taɓa rufi kafin jarrabawa. Ranar Laraba iyaye suka cika fili. Malamin ya dubi marigayin, an yi masa ado da takardu masu launi, maganar mai walda tana yi masa amo a kunne. Yana iya cewa baron ba shi da lafiya, kuma gaskiya ce. Sai ya dubi yaran, har da waɗanda a farkon shekara ba sa iya haɗa baƙi, ga sunayensu can sama kusa da rufi. Ya tattare riga ya zauna. Marigayin ya yi wani nishi da ba a taɓa jin ya yi ba, amma ya ɗauka.

Manyan 'yan aji shida suka kama hannaye, malamin wasanni yana tallafa musu. Ƙyii-ƙyuu, ƙyii-ƙyuu. Yara suna biye suna tafi. Gaskiya ba ta ɓuya a sanarwa irin wannan: malamin ya ji daɗi. Har ya fara ɗaga wa iyaye hannu dama da hagu kamar wani babban baƙo, har ya ce wa masu turi su ɗan ƙara sauri. Daidai ragar ƙwallo marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe. Ya ce ƙyii. Ya ce ƙyuu, a hankali. Sannan ya ce ɓas.

Taya ta fice ta ci gaba da zagayen ita kaɗai har katanga. Malamin ya nutse a cikin baro, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya a wani wuri. Sai da maigadi ya kama hannu, malamin lissafi ya kama ɗayan, sannan aka zaro shi. An yi dariya har wasu iyaye suka zauna a ƙasa. Da dariya ta lafa aka ga yadda marigayin ya baje, sai 'yan aji ɗaya suka fara kuka. Malamin ya matsa yana cewa su kwantar da hankali, bai ji ciwo ba. Suka ratse shi suka wuce wurin baro.

An kira mai walda. Ya durƙusa, ya juya karyayyen ƙarfen, ya ce, "Me kuka ɗora masa?" Duk makaranta ta juyo ta kalli wuri ɗaya.

Washegari bayan tara malamin ya shiga laburare a karye, yana ganin shi ke nan, ya kashe amininsa ya kuma kashe Lokacin Baro da nauyin jikinsa. Bai gama wannan tunani ba ya ji ƙasa tana rawa. Aji bayan aji ne suka taho da ƙafarsu, ɗakin ya cika, saura suka zauna a baranda. Ba wanda ya tambayi lafiyarsa. Wata tana neman kashi na biyu na labarin da ta fara, wasu biyu suna jan littafi ɗaya. Shugaba ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Rabin awar tana nan, Malam. Sai ka nemi ƙarin tabarmi." Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe," ya juya yana gyara kantar da ba ta buƙatar gyara.

Marigayin ya rasu ya bar taya guda, wadda 'yan aji uku suka karɓi riƙonta suna gara ta a lokacin tara. Ya bar tsohon abokinsa shebur, da suka zo tare tun zamanin gini. Ya bar littattafai masu yawa, wasu da tabon baƙin mai a bango, da ɗalibai cike da makaranta waɗanda a bakin cikinsa suka fara zaɓen littafi da hannunsu. Ya kuma bar ubangida ɗaya, wanda ake zargi.

Za a yi masa rakiya gobe bayan tara. Za a ɗauke shi a hannu daga bayan ofis, shi da ya ɗauki kowa, a kai shi gaban laburare, inda 'yan aji biyar za su cika cikinsa da ƙasa su shuka furanni. Kowane aji zai karanta masa shafi ɗaya. Malamin lissafi ya nemi a ba shi dama ya yi jawabi, an ƙi. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da komai, littafi ɗaya na yara ya isa, ko tsoho ne, in dai shafin ƙarshe yana nan. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Malamin zai karɓi gaisuwa a ƙofar laburare daga safe har tashi. Za a same shi a tsaye. Ana roƙon jama'a kada a ba shi kujera, kada kuma a tambayi dalili.