Alƙalin da Kaka Yake So

"Lafiya lau, Farfesa. Ya fama da tsufa?"

"Da sauƙi, kafin ki iso."

Tsohon mai gyaran rediyo yana bakin shagonsa yana goge kan batir da tsumma. Sati uku ke nan jikarsa tana karanta masa littafin labarin da suke yi a aji, kuma shi ya gaya mata abin da za ta rubuta game da alƙalin da ke ciki. Ta ajiye takardar gwaji a kan wani mataccen rediyo.

"Ga aikinka. Uku cikin ashirin."

"Madalla. Da ke kaɗai ce, ina za ki kai haka?"

"Gobe zan sake. In na faɗi, ba ni ba jarrabawar ƙarshe. Malama ta ce alƙalin nan macuci ne, gatse marubucin yake yi masa."

Abin ya taɓa tsoho, don yana son alƙalin nan.

"Malamarku ta taɓa zama da shi? Da kunnena na ji ana yabonsa."

"Kunnen da sai an yi sallama uku?"

"Tun ta farko nake ji. Jira nake ki gaji ki tafi. Ke ce kike karatu kamar mai ƙirga buhuna. Rediyon da ruwa ya shiga ya fi ki hawa da sauka."

"Wanda mai shi yake jira tun bara? Sannu gwani."

"Buɗe wurin da aka yabe shi. Karanta min da muryar da uwarki take ce miki sannu da aiki in ta same ki kina barci."

Ta buɗe, ta karkata kai, ta ja murya: "Alƙali mutum ne mai tausayi ƙwarai. Bai taɓa barin talaka ya sha wahalar komawa gida da kajinsa ba."

Tsoho ya ajiye tsumma.

"Wato kajin nan..."

"Ya cinye, Kaka."

"Ni kuwa har cikin addu'a nake sa shi."

Sai ya yi dariya, ya zaro biro daga aljihu ya miƙa mata, ya turo mata kujera da ƙafa.

"Ungo, kin ci. Zauna mu koma shafin farko. Akwai wani attajiri ma da nake ganin girmansa, yanzu hankalina bai kwanta da shi ba."