Amfani Na Uku Na Jirgin Ƙasa

"...da gajiya, da zaman banza! Bawana, ko tashi ba ka yi in uwargijiyarka ta shigo?"

Malam Jafaru bai ko ɗaga kai ba. Yana zaune a rumfar makarantar boko ta Sabon Gari, takardun jarrabawa jibge a gabansa. A lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, kuma duk yaron da ya ci jarrabawar nan ana iya ɗaukarsa akawu a tasha. Mai sallamar Zubaidatu ce, taubashiyarsa, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, mai sayar da waina a bakin tasha. Autanta Shehu na cikin waɗanda suka rubuta.

"Ashe ke ce. Ni dai na ji ƙaurin tanda, na zaci gobara ce a Samaru."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Zuwa na yi ka zuba wa autana maki, mudu cike har da gyara."

"To ai babu suna a takardun. Kowane yaro lamba aka ba shi, tambaya iri ɗaya daga nan har Kano."

"Sai ka nemi wadda ta fi nauyi. Ya ce mini har bayan takarda ya cika. Yawa ai shi ke sa zare ya ja dutse."

"Auduga kika ga muna awo? Ba tsawo ake bi ba. An tsara mana abin da za mu nema: ya amsa abin da aka tambaya? Ya kawo hujja? Kana a dubi rubutu. In na duba, Malam Gregory ya sake dubawa bai ga nawa ba. In muka saɓa, a kai wa na uku."

"Gardawa uku a kan takarda ɗaya! Ni kaɗai nake juya tanda mai gida goma sha biyu."

Jafaru ya gyara zama. Tun safe ya ware wata takarda gefe, ya danne ta da dutse, yana addu'ar Allah ya kawo Zubaidatu. Ya jawo ta a hankali kamar bai damu ba.

"Bari ki ji irin abin da muke fama da shi. An ce a faɗi amfanin jirgin ƙasa guda uku. Wani ya ce, na ɗaya, yana kwashe auduga. Na biyu, yana kawo goro bai bushe ba."

"Ɗan albarka."

"Na uku, yana kawo baƙi mayunwata. Akwai wata mata a bakin tasha da ke ɗumama wainar jiya ta sayar musu, kafin su gane jirgi ya tashi."

Zubaidatu ta tafa hannu tana ƙyaƙyatawa. "Kaltume ce! Wallahi Kaltume mai rumfar kusa da ni! Na sha yi mata wa'azi. Mace ba tsoron Allah!"

"Saura layi ɗaya. Ya ce: na tabbata da haka, domin ita ta haife ni, kuma ni nake hura mata wutar."

Dariyar ta tsaya cak.

"Kaltume dai ba ta da ɗa a boko," in ji Jafaru.

"Ɗan nema! Nonon da na ba shi ke nan? Jafaru, ɗan uwana na kaina, naka sai naka. Goge layin nan."

"Yau kuma na tashi daga bawa? Ai tun da na gane mai ita na ɗauke hannuna. Doka ce, ba ka duba ta jininka. Malam Gregory da wani za su duba."

"Gregory? Wanda ke sayen wainata kullum?"

"Shi. Amma in kin matsa, ga tawada, sai in yi kamar ta zube. Sai dai ki sani uku aka tambaya. In na ukun ya tafi saura biyu, kuma shi kaɗai ne ya zo da hujja har da mai shaida. Da shi, ina ga yaro ya haye. In babu shi, sai ya dawo hura wuta."

Zubaidatu ta dubi kwalbar tawada, ta dubi takardar. Ta tuna yadda Shehu ya rame a kan karatun nan. Ta ja dogon numfashi.

"Wato garin neman ƙiba na samo rama."

"Zaɓi dai: akawu ko tanda?"

Ta ture kwalbar can nesa da hannunsa, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Bar masa abinsa, tsinanniyar gaskiya gare shi kamar ubansa. Ka ci wannan, Jafaru. Gobe zan aiko wa Malam Gregory mai zafi daga tanda, ya san an tuba."

"Ni fa?"

"Kai ai na gida ne. Akwai ta shekaranjiya."