Ina Jin Yunwa, Sau Babu Iyaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da haƙorana sun zube, da ranar da na kai ƙarar cikina gaban soja ba tare da na buɗe baki ba.

Shekarar damina ta yi gardama, hatsi ya ƙone a ƙauyenmu Dungu tun bai fid da kai ba, Baba ya wuce Kano ci-rani tun kafin lokaci. Ni kuwa ina lise, wato sakandare, a Matameye, ina zaune wurin Gwaggo Hajara. Sojoji ke mulki, kullum zan fita sai ta ce, "Ke, bakin nan naki! Kika kuskura kika ce ana yunwa gaban masu kaki, korar ki za a yi, ki koma Dungu jan ruwa." Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta kai lise, shi ya sa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Lokacin ne aka kawo mana ordinata, wato kwamfutoci, aka jera su a ɗaki guda (ina kewar ɗakin nan, shi kaɗai ke da fanka). Malaminmu, Mushe Isufu (haka muke ce wa malami da Faransanci), ya nuna mana wata shuɗiyar igiya da ta bi bango ta ɓulle ta taga. "Wannan shi ne rezo. Duk injinan nan suna magana da juna, har da mai buga takarda da ke biro, ofishin shugaban makaranta." Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali hankalina na kan kwaɗon zogalen da ban samu ba da safe.

Darasin ranar shi ne umarni mai maimaita kansa. Ka ba inji jimla, ka ba shi ƙidaya: duk zagaye ya ƙara ɗaya, in ya kai uku ya tsaya. Ƙawata Rakiya ta rubuta sunanta. Ni, uwar hikima, na rubuta INA JIN YUNWA. Layin "ƙara ɗaya" kuwa na manta da shi sam. Sannan na tura wa mai buga takarda, wai in gani ko da gaske igiyar tana aiki.

Shiru. Na ce ashe ado ce.

Ban san wani kafitan na soja ya zo duba makaranta ba, yana zaune a biron ana ba shi ruwa. Sai ga shi a ƙofar aji, takardu cike da hannu, shugaban makaranta na bayansa yana zufa, can nesa kuma inji na ta kuka. Tunda ƙidayata ba ta motsi, ukun ba za ta taɓa zuwa ba.

"Wa ke kan inji na huɗu?"

Rezo ya tona ni. Na miƙe, ina hango guga da rijiyar Dungu.

"Ranka ya daɗe, wallahi na ƙoshi! Tuwo na ci, da nama! Duk garinmu an ƙoshi!"

Aji ya yi tsit. Nan cikina ya zaɓi ya yi wani dogon ƙugi irin na raƙumi.

Kafitan ya dubi takardun, ya dube ni. "Mushe, tsakanin yarinyar nan da injinta, wa ka koya wa gaskiya?"

Rakiya ta kifa kai a tebur tana shessheƙar dariya. Mushe Isufu ya ruga ya zare igiyar. Kafitan ya laluba aljihu, ya ajiye mini dabino a gabana. "Ci, ƙanwata, kafin ki cinye takardar gwamnati."

Ba a kore ni ba. Amma takarda ba ta yin asara a makarantarmu: a bayansu muka yi ta aiki har ƙarshen shekara, kowa ya juya shafi sai ya gamu da yunwata. Sunana ya koma Na-ƙoshi. Har yau in na ji kukan mai buga takarda sai in duba ƙofa.

Na dai koyi abu biyu. Kafin ka sa abu ya fara, gaya masa inda zai tsaya. In kuma za ka yi ƙarya, fara shawara da cikinka.